Gadar Kwarin Kagarawal

Shekarar da aka janye sule da sisi aka kawo kobo, wadda ta biyo bayan shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ita ce shekarar da aka kai mu ganin namun daji. Ba na mantawa, domin daminar da ta gabace ta ba ta yi ba. Dawa ta kai iya gwiwa ta bushe a tsaye, auduga ta yi ƙwallo ta ƙi buɗewa. A cikin gari ana ta labarin arzikin mai, manyan motoci suna shigowa unguwar Bolari da siminti da kwanon rufi, amma mu a Kagarawal labarin kawai yake iso mana. Rumbun gidanmu a lokacin, in ka yi magana a bakinsa sai ya amsa maka.

Wanda ya san Kagarawal ta yau ba zai yarda da ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. A wancan lokaci gidaje ne 'yan kaɗan na jinka, daga bayan danga sai gona, daga bayan gona sai daji har gindin duwatsu. Ba ladan kaɗai ke tashinmu da asuba ba. Kafin ya gama kiran salla fakara ta soma nata kiran daga cikin karan dawa, zabin daji su karɓa, can nesa burtu yana buga murya kamar ana kiɗa ƙaton tulu. Da yamma kuma dila ne ke rufe mana rana. Kakata, wadda muke kira Dada, takan tsaya da muciya a hannu ta saurara, ta ce, "Malamin daji ya tashi ɗalibansa, ku ma ku shigo da awaki." Aikinmu na yara shi ne ruwa. Garin nan bai taɓa samun ruwa da sauƙi ba. Mukan ɗauki tulu da ƙoƙo mu gangara kwari, mu tona yashi da hannu har ya yi danshi, mu zauna muna jira ya tsattsafo. A wannan zaman jira ne muke ganin sawun da aka bari da dare, manya da ƙanana, sun ratsa juna a kan yashi. Yau in na tashi da asuba, janareton maƙwabci nake ji, da keke mai ƙafa uku da ya ƙi tashi, da mai ruwan kura yana buga jarka. Na kasa kunne har na gaji. Ko kurciya sai an dace.

Makaranta ba da son Baba na shige ta ba. Mai unguwa ne ya bi gida gida yana neman yaro ɗaya, Baba ya duba ya ga ni ne ban isa riƙe garma ba tukuna, ya bayar da ni kamar yadda ake ba da aron jaki. Na girmi ajinmu, ina aji biyu amma na fi kowa tsawo. Sai dai na so wurin nan, so irin wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina son ƙanshin alli, ina son yadda baƙi ɗaya ke jingina da wani su zama magana. Malaminmu saurayi ne daga duwatsun kudu, siriri, mai yawan dariya. Hausa ba harshen uwarsa ba ce, kamar yadda ba harshen uwar Baba ba ce, don Baba da Dada Fillanci suke yi a tsakaninsu. Hausa ita ce kasuwar da kowa ke haɗuwa, kuma a kasuwa ne ake yin kuskuren awo.

Wata rana ana gab da tashi Malam ya ce, "Ku gaya wa iyayenku, jibi babu zama a aji. Za mu je naman daji. Kowa ya zo da ruwansa a gora. Duk dabbar da yaro ya gani da idonsa, washegari zan koya masa rubuta sunanta."

Da gudu na kai labarin gida. A lokacin Inna, mahaifiyata, tana jego. Ta haifi mace a tsakiyar bazara, ranar suna ɗan akuya aka samu aka yanka, bai zagaya gidan ba ya ƙare. Mai jego da nama aka san ta, da romo mai yaji, da kunun kanwa mai kauri. Inna kuwa kunun ma tsararo ne. Ta rame har awarwaronta yana hawa sama da gwiwar hannu, jaririyar tana kama mama ta saki ta yi kuka, kukan ma ba ƙarfi. Na tarar da Baba a zaure yana tufka igiya. Na faɗa masa yadda Malam ya faɗa, kalma da kalma.

Ya ɗago kai. "Naman daji? Ashe bokon nan yana da ranarsa."

Ya miƙe ya zaro ƙerensa daga cikin jinka. Ƙere sanda ce gajera mai lanƙwasa a kai, wadda ake jifan zomo da ita. Na Baba na icen kirya ne, hannu ya goge shi har yana sheƙi. Shi kansa ya daina fita da shi tun da ciwon ƙafa ya kama shi. Ya miƙa mini ya ce, "Ka ga uwarka. Ko zomo ne, ko zabo, ko fakara, abin da za a ɗora tukunya. Amma ka ji ni da kyau. In bokon nan ya kai ka har inda nama yake ka dawo mini hannu rabbana, to ba shi da abin da zai ba gidan nan. Bappanka yana neman yaron mota a Bolari, can ko ba komai za ka ci ka rage mana. Na faɗa."

Dada daga tsakar gida ta ce masa wani abu da Fillanci, a kan kada ya ɗora wa yaro kayan babba. Ya koma kan igiyarsa.

Ashe ba gidanmu kaɗai aka yi wannan fahimta ba. Da safiyar ranar, filin makaranta ya zama kamar dandalin 'yan farauta. Wannan da sandar gora, wannan da danƙo, wancan da majajjawa, karnuka suna ta shinshinar juna a gindin tuta. Akwai abokina, ɗan Bolari mai surutu, muna ce masa Aku. Shi da ƙullin gishiri da yaji ya zo. Malam ya fito daga ofis ya tsaya turus.

"Wa ya ce muku farauta za mu?"

Aku ya ce, "Malam, ai kai ka ce nama. Babata ma ta ce in an zo rabo cinya take so."

"Namun daji nake nufi. Dabbobi. Gani za mu yi mu dawo."

"To Malam, dabba ba nama ba ce?"

Sai Malam ya dafe kai ya yi ta dariya har da hawaye, yara suka taya shi. Ni ban yi dariya ba. Aka kori karnuka, aka tattara sanduna da danƙo aka jibge a ofis. Kafin a zo kaina na zura ƙeren Baba cikin wando, na ɗaure kansa da mazagi, ya bi cinyata har gwiwa. Muka kama hanya ina tafiya ina jan ƙafa. Aku ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai kuma yaushe aka sake yi maka kaciya?" Na ce masa ƙaya ce na taka.

Na daɗe ina juya maganar Aku a raina, har yau da furfura ta cika mini gemu. Yaron bai yi ƙarya ba. A bakinmu dabbar dawa tana tafe da ƙafarta, tana numfashi, tana shayar da ɗanta, amma mun riga mun kira ta nama. Sunan tukunya muka ba ta tun tana raye. Malam yana nufin abu ɗaya, iyayenmu sun ji wani, kuma duk cikinsu babu wanda ya karya Hausa.

Muka bar gonaki muka shiga sabara da geza, daga nan sai manyan itatuwa, marke da taura da ɗinya da kaɗanya. Fari ya ci dajin amma bai kashe shi ba. Malam yana da wata dabara. In muka isa wuri sai ya ce kowa ya zauna, ya rufe baki, ya ajiye hannuwansa a kan gwiwa. Yakan ce da raɗa, "Yau ido ne zai yi aiki, hannu ya huta. Kada ka ce mini ka ga tsuntsu. Gaya mini launin ƙafarsa." Da farko ba ma ganin komai sai ganye. Can sai dajin ya manta da mu. Kurege ya sauko ya tsaya da ƙafa biyu. Damo ya fito daga kogon ice yana lasar iska. Birai suka ratsa ta saman kanya, wata da ɗa manne a ciki. Wata yarinya ta tsinci ƙayar beguwa, aka yi ta miƙa wa juna kamar zinariya. Yara suna ta murna a ɓoye, kowa yana tara sunayen da za a koya masa gobe. Ni kuwa duk abin da ya motsa, tukunyar Inna nake auna shi da ita. Fakara ta tashi daga gabanmu da fuka-fukanta masu ƙara, hannuna ya kai ga mazagi, na ga Malam yana kusa, na sake. Rana tana ta hawa, ni kuma ina jin kamar ita ce take gudu da makarantata.

Da rana ta take muka sauka ƙarƙashin wata babbar kanya a bakin kwari, nesa da inda muke ɗiban ruwa. Kowa ya buɗe gorarsa. Na ce wa Malam zan zaga. Da na ɓace musu na zaro ƙeren, na gangara cikin kwarin, na bi yashi ina sanɗa. Na san in akwai sauran danshi a wani wuri, to can nama zai zo. Na sha wata kwana inda dutse ya yi rumfa, sai ga ɗan ruwa a gindinsa, bai fi faɗin faifai ba. A bakinsa kuwa ga gada tana sha.

Kusa take, kusa ƙwarai. Iska daga wajenta take busowa, ba ta ji ni ba. Na iya jifa, duk yaran unguwarmu sun sani. Na ɗaga ƙeren har bayan kunne. Da zan ce tausayi ne ya hana ni, da na yi wa kaina ado da ƙarya. Yaron da ya bar uwarsa a wannan hali ba ya tausayin nama. Abin da ya faru shi ne, tun safe ake ce mana mu kalla, mu kalla, sai idona ya riga hannuna. Na ga ashe ba ja ba ce kamar yadda nake zato, toka-toka ce mai ɗan rawaya, kamar busasshiyar ciyawa. Na ga baƙin layi ya sauko daga goshinta zuwa hanci. Na ga ɗan tukku tsakanin kunnuwanta, da wani zane a ƙarƙashin kowane ido kamar an ja mata kwalli. Ƙafafunta ba su fi kaurin yatsana biyu ba. Haƙarƙarinta duk a waje, irin na Inna. Na ga hantsarta ta ɗan cika, na gane akwai wanda ta ɓoye a cikin ciyawa yana jiranta. A raina har ina cewa, in Malam ya tambaye ni launin ƙafarta, na sani. Sai ta ɗago kai, ruwa yana ɗiga daga bakinta. Ta dube ni, na dube ta. Ta yi wani tsalle guda kamar mai faɗawa rijiya, sabara ta rufe a bayanta.

A lokacin ne hannuna ya tuna da aikinsa. Na yi jifa, ƙeren ya bugi ganye.

Abin da na yi bayan nan ba na son tunawa, amma shi ma yana cikin labarin. Na bi ta da gudu cikin ƙaya har rigar makarantata ta yage. Na rasa ta, na koma neman ko mene ne. Na zura hannu cikin ramuka ba tare da tunanin maciji ba. Na jefi kurciya na kuskure, na jefi hasbiya na kuskure. Na durƙusa ina roƙon Allah ya ba ni ko zomo mai ƙafa uku. Dajin da ya cika da motsi da safe ya yi tsit, kamar an gaya wa kowa abin da na zo yi. A nan Malam ya same ni, ina zaune a kan yashi, ƙafafuna duk jini, ƙere a cinya.

Bai yi faɗa ba. Ya tsuguna ya dubi ƙeren, ya dube ni. Na gaya masa komai, da jegon Inna, da maganar Baba. Dariyar nan tasa duk ta tafi.

Can ya ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Gada."

"Da idonka? Yaya take?"

Na faɗa masa, har kwallin, har tukkun. Ya ce, "Duk ajin nan babu wanda ya ga abin da ka gani. Gobe kai zan fara kira gaban allo."

Na ce, "Malam, ni ba ni da gobe."

Bayan mun mayar da yara makaranta, ya ce in wuce gaba ya bi ni gida. Muka iso da la'asar sakaliya. Baba yana zaure inda na bar shi. Idonsa bai je fuskata ba, hannuwana ya duba. Suka gaisa da Malam, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gajiya, aka tambayi zafi, aka yi barka da arzikin haihuwa. Sannan Malam ya ce, "Baba, kuskuren daga bakina ne. Ni gani na nufa. Yaron nan ba shi da laifi, kuma yana da kai. A bar mini shi."

Baba ya ce, "Malam, kun ga naman ko ba ku gani ba?"

"Mun gani."

"Shi ma ya gani?"

Na ce, "Na ga gada, Baba."

"Ƙeren yana hannunka?"

"Yana hannuna."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ba ya cikin fushi, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Ya ce, "Malam, ban raina aikinka ba. Amma wanda ya ƙoshi shi ke ganin nama ya yaba kyansa ya wuce. Ka saurara." Muka kasa kunne. Daga cikin gida ana jin kukan jaririyar, siriri kamar na ɗan mage. Ya ce, "Wannan karatun nake ji dare da rana. In naka ya koya wa ɗana ya riƙe hannunsa a irin wannan shekara, to ka bari sai shekarar da aka yi damina."

Malam ya ce zai sayo nama a kasuwa da kansa. Baba ya ce, "Allah ya saka. Yau ka saya, gobe fa? Magana zarar bunu ce, Malam. Na riga na gaya wa ƙanena."

Da Malam ya tafi na shiga ɗakin Inna. Tana kishingiɗe, ɗakin yana ƙanshin ganyen wanka. Na zauna a bakin ƙofa na kasa ɗaga kai. Na ɗauka za ta ce wani abu a kan naman. Sai ta ce, "Zo nan. Ni tun ina yarinya a ruga rabona da ganin gada. Har yanzu tana da kwallin nan?" Na ce tana da shi. Ta ce in faɗa mata duka. Na faɗa, ita ma har hantsar. Ta rufe ido tana saurare, kamar mai shan wani abu. Da na gama ta ce, "To, kai ka ci naka rabon. Kada ka bari a ƙwace maka shi."

Washegari, lokacin da 'yan ajinmu suke shiga layi, ni ina bin Bappa zuwa tashar Bolari da ɗan ƙullin kayana. Da hantsi, aka ce mini, Aku ya kawo tsokar nama a ganye daga wajen Malam. Dada ta karɓa ta bayan gida ta yi wa Inna romo. Baba bai hana ba, bai kuma canza magana ba. Jaririyar ba ta ga ruwan farko na daminar da ta biyo ba. Baba bai taɓa cewa don gadar ne ba, ni ma na san romon kwana biyu ba ya tsayar da abin da Allah ya rubuta. Amma daga ranar ba a sake ambaton makaranta a gidanmu ba. Damina ta dawo, ni ban dawo ba. Malam kuma aka yi masa canjin wurin aiki, ban sake ganinsa ba.

Na yi yaron mota, na yi kwandasta, na zama direban tifa. Ɗan abin da na koya a aji biyu ya zube a hanya kamar gero a buhu mai huji. Shekarun nan kuɗi ya shigo gari da gaske, kowa yana gini, gini kuma yashi yake ci da itace. Motocinmu ne suka yi ta jigila. Aka sare marke aka yi gawayi, aka sare kanya aka yi katako, aka yanka gonaki fuloti fuloti. Ban san ranar da fakara ta yi kiranta na ƙarshe ba. Irin wannan abu ba ya sallama. Wata safiya ce kawai ka farka ka ji akwai abin da babu, ka rasa mene ne, sai bayan shekaru ka gane. Kwarin da muke tona da hannu, da aka kwashe yashinsa aka tuɓe masa itatuwa, sai ya haukace. Kowace damina yana cin gaɓa, ya haɗiye gona, ya haɗiye katanga, har da kushewa. Dada takan ce daji rigar ƙasa ne, wanda ya tuɓe ta zai ga abin da ba ya son gani. Ba ta rayu ta gani ba. Ni na gani.

Da idona ya soma gajiya da hanya na ajiye tuƙi, na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana da yamma a Tudun Wada. Mu ne teloli da direbobi da masu shayi, kowa da gilashinsa da kunyarsa. Na yi haƙuri da hannuna, ya saba da sitiyari, fensir yana yi masa ƙanƙanta. Ranar da malamarmu ta ce kowa ya zaɓi kalmar da yake so ya fara rubutawa da kansa, wasu suka zaɓi sunansu, wasu sunan 'ya'yansu. Ni na ce akwai kalmar da ake riƙe mini da ita tun ina yaro. Baƙaƙe huɗu ne kacal. Na rubuta ta, na sake rubutawa, har na cika shafi. Na dawo gida ina ji kamar an kira ni gaban allo.

Ina da jika ɗan firamare, abokin faɗana. Na miƙa masa shafin na ce, "Kai ɗan boko, karanta mini."

Ya duba ya ce, "Tsoho, duk wahalar nan a kan gada? Wacce, ta hanyar kasuwa ko ta bayan unguwa?"

Na ce, "Ba ta siminti ba. Ta daji."

"Daji kuma wa zai yi masa gada, mota na bi ne?"

Na ɗauka tsokana ce irin tamu. Na dubi fuskarsa na ga da gaske yake. A baki kalmomin nan biyu ba su yi kama ba. Ta daji murya takan fara ƙasa ta hau, ta siminti ta fara sama ta sauko. Amma takarda ba ta ɗaukar murya. Na faɗa masa da muryar da ta dace, na sake faɗa. Ya maimaita kamar mai koyon wani yare. Ya ce an taɓa kai su eskoshan, wato yawon buɗe ido na makaranta, wani gari mai nisa, sun ga zaki a keji da jimina, amma ba a nuna musu wannan ba. Ya ce, "Ko dai irin labaranka ne na Gizo?"

Tun ranar ban zauna ba. Na je wajen masu sayar da maganin gargajiya ko suna da fatarta, suka ce an daɗe. Na tambayi tsofaffin mafarauta biyu da suka rage a unguwa, ɗaya ya ce sai dai can wajen iyaka, ɗayan ya yi dariya ya ce in na samu in kira shi ya gaishe ta. Yaron ya nemo mini hoto a waya, aka nuna wata dabba ta wata ƙasa mai dogon ƙaho. Na ce ba ita ba ce. Ya ce, "To Tsoho, waya ma ba ta san ta ba." Inna ta taɓa cewa kada in bari a ƙwace mini rabona. Na riƙe shi shekara da shekaru, ban san cewa abin da ba ka da wanda za ka miƙa wa, shi ma ƙwace ne ba.

A ƙarshe na kama hannunsa muka hau keke zuwa bayan unguwa. Na gane wurin da dutsen nan mai rumfa, shi kaɗai ne bai tafi ba. Kwarin ya yi faɗi ya yi zurfi, cike da leda da ruwan kwata. A daidai kansa an shimfiɗa siminti da ƙarfe, motoci suna wucewa. Na nuna masa gindin dutsen na ce, "A nan ta tsaya. A nan na tsaya." Ya leƙa, ya toshe hanci, ya dubi abin da muke tsaye a kai. Ba da tsokana ba, don ya faranta mini rai, ya ce, "To ai ga ta nan, Tsoho. Har yanzu akwai gada a wurin."

Mun dawo gida, na ɗauki fensir, na ce bari in lissafa tun da yanzu na iya. Kanya ɗaya da ajinmu ya sha inuwarta. Kiran fakara da asuba, da na dila da yamma. Ruwan da ake tonowa da hannu. Ƙeren Baba, da Baban. Malam ɗaya da ban yi wa godiya ba. Aji biyar da ban shiga ba. Ƙanwa ɗaya da ba ta ga damina ba. Gada ɗaya da ɗanta a cikin ciyawa. Da kalma ɗaya, wadda na yi shekara arba'in kafin in iya rubuta ta, na rubuta, aka karanta mini wani abu dabam.